Sawu a Bayan Allon Harbi

Da safiyar Alhamis Kyaftin Lodewyk ya je buɗe ɗakin bindigogi da ke bayan coci, ya tarar an riga shi. An ɓanɓare ƙarfen daga jikin ƙyaure, kwaɗon yana lilo a kulle abinsa. Bindigogi shida babu su a maratayinsu.

Kafin gahawa ta tafasa a gidajen Dasfontein kowa ya ji. Na zo a guje da rigata a hannu, na tarar da rabin gari a ƙofar ɗakin, kowa yana leƙe yana faɗin albarkacin bakinsa.

Mu 'yan sa-kai ne, manoma da makiyaya da irina waɗanda ba su zauna a sana'a ɗaya ba. Tun da na bar makarantar mishan na ja shanun keke, na yi askin tumaki, duk ban daɗe ba, sai da aka kafa rundunar nan na ga hularsu ta yi mini. Gwamnati ta ba mu bindiga da hula, sauran kaya kowa da na gidansu. Ranar Asabar kuma Manjon sojan gwamnati zai zo ya duba shirinmu, ga raɗe-raɗin cewa duk rundunar da ta yi masa za a tura ta kan duwatsu, inda Basotho suka ƙi miƙa bindigoginsu.

Wani ya ɗago ƙyallen bargo mai jan layi daga jikin shingen ƙaya.

"Wannan ai bargon dokin Pheko ne!"

Pheko mijin yayata Lenie ne, shi yake kula da dawakin runduna. Mutumin Basotho ne, ya shekara da shekaru a cikinmu, amma a safiyar nan kowa ya tuna daga inda ya fito.

"Danginsa suna can hayin kogi suna neman bindiga ido rufe."

"Dama na faɗa! Wa ya ce a bar shi kusa da kayan gwamnati?"

Saje Barend, tsohon da yake koya mana fareti, ya ɗaga hannu. "Kyaftin, kada a yi gaggawa. Ƙyallen bargo ba shaida ba ne. A aika wa Manjo kada ya zo, a ce mun yi ɓatan makami, shi ke nan."

"Manjo zai zo," in ji Kyaftin. Mai kanti ne, mu muka zaɓe shi da ɗaga hannu. "In ban sami bindigogi ba, dole in miƙa masa ɓarawo."

Aka kamo Pheko daga bargar dawaki aka kulle shi a ɗakin fatu na bayan kanti. Kowa ya san abin da satar bindigar gwamnati take jawowa a irin wannan lokaci. In an yi sa'a, shekaru ana fasa dutse a bakin teku. In ba a yi ba, igiya.

Lenie ba ta yi kuka ba. Ta kama ni a hannun riga ta ce, "Moos, ƙafarka ba ta zama wuri ɗaya, to yau ta yi amfani. Je ka ɗauko mini Kawu Jafta."

* * *

Na same shi a gindin ɓaurensa yana shan lofe, tumbinsa a kan cinya. Kawu Jafta shi ne mai bin sawu na yankinmu, kuma bai taɓa barin kowa ya manta da haka ba.

"Na san za ku zo," in ji shi. "Ni da na bi damisa a kan falalen dutse har na gane tana da ciwon haƙori? Mutum nawa suka tattake wurin?"

"Duk gari, Kawu."

Ya yi tsaki. "Sojojin gwangwani. Ku ɓata ƙasa da takalma, sannan ku zo ku ce Jafta ya karanta muku. Yayarka tana da sukari?"

"Tana da shi."

"To ɗaura wa jakin nan sirdi."

A ɗakin bindigogi ko kallon ƙofa bai yi ba. Ya ba taron baya, ya shiga zagaya cocin, kowane zagaye ya ƙara nisa, yana ƙunƙuni. A bakin magudanar ruwa, inda ƙasa take da laima, ya tsaya ya nuna da sandarsa. Sawun ƙafa ne babu takalmi, ya nutse sosai kamar na mai ɗauke da kaya.

Sai na tuna: Pheko ba ya sa takalmi sai ranar Lahadi.

"Kawu, ka share shi mana kafin wani ya gani."

Ya buga mini sanda a ƙwauri. "In ka sake faɗin haka na koma gindin ɓaurena. Mu je in ga ƙafar surukin naku."

* * *

Ta taga muka yi magana da Pheko. Warin fatu ya cika ɗakin, yana zaune a kan buhu.

"Ntate Jafta," in ji shi, wato baba a yarensu, "bargon nawa ne, ban musa ba. A barga yake kwana, barga kuwa ba ta da ƙyaure."

"Danginka sun taɓa roƙonka bindiga?"

"Ƙanen mahaifina ya aiko mini saƙo lokacin bazara. Na ce masa ina da mata a nan, ga masarata a nan."

"Kada ka faɗa wa Kyaftin wannan," na ce da sauri.

"An tambaye ni ne, ƙane. In an tambaye ni zan faɗa."

Kawu Jafta ya ce, "Ɗora ƙafarka a kan taga."

Pheko ya ɗora. Faffaɗar ƙafa ce, yatsu a warwatse, tafin ya yi kanta kamar ƙirgi. Kawu ya dube ta, ya ƙwanƙwasa ta da lofe. Da muka fito sai ya tambaye ni wanda babu shi a taron safe.

Na yi tunani. "Stoffel. An ce ya fita da kekensa tun da asuba."

* * *

Ba mu sha wahalar samunsa ba. Keken shanunsa ya kafe a mashigin rafi, yana tsaye cikin ruwa har gwiwa yana zagin shanun ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Stoffel ɗan rundunarmu ne, kuma kowa ya san yana kai kaya har bakin iyaka. Da ya hango mu ya yi tsalle ya haye kan tamfol ya zauna.

"Me ke ƙarƙashinka, ɗan Katryn?" in ji Kawu.

"Fatu, Kawu. Fatun tumaki."

"Fatun da suke nutsar da ƙafar keke haka? Sauka."

"Wallahi Kawu..."

Na ja gefen tamfol, a raina na riga na ga Pheko a gida. Sai ga gangunan barasa a jere. Stoffel ya rantse a gaban fasto da dattawan coci cewa ya daina wannan fatauci.

"Don Allah kada matata ta ji," in ji shi. "Fasto da sauƙi."

"Matarka za ta ji ko ba za ta ji ba, ya danganta da idonka. Me ka gani da asuba?"

Stoffel ya sosa ƙeya. Ya ce gari ya fara haske lokacin da ya hango mutum daga nesa da doguwar ɗaura a kafaɗa, ya gangara ta bayan gonar fasto. Bai ga fuska ba. "Amma tafiyarsa ta ba ni dariya. Ɗage-ɗage, kamar wanda aka sa ya taka garwashi."

"Me ya hana ka faɗa?"

"In ce ina ina a lokacin, da me a keke?"

Kawu ya juya jakinsa. "Moos, taimaka masa ya fitar da keken. Ya koma gari, gobe ina nemansa."

* * *

Rana ta karkata lokacin da muka kama sawun a bayan gonar fasto. Ya ɓace a kan duwatsu, Kawu ya sake samo shi ta wata tsakuwa da aka kifar, danshinta a sama. Yana tafe yana yabon kansa.

"Duba nan. Ka ga yatsun? A matse suke, babban ya kwanta a kan ɗan'uwansa. Ƙafar da ta tsufa a cikin takalmi ke nan. Kuma dubi yadda yake kauce wa ƙaya. Surukinka zai taka wannan ko a jikinsa."

"To ai shi ke nan, Kawu! Mu je mu faɗa."

"Mu ce me? Rabin garin nan da takalmi suka girma. Mutanen da suke son ɓarawo ba za su saki wanda ke hannu don yatsu ba. Sai ka ba su wani."

Sawun ya kai mu inda ban taɓa zato ba, filin da muke koyon harbi. Ya wuce ta gefen allon, ya zagaya bayan tudun ƙasar da aka tara don tare harsashi. A nan aka tone aka mayar, aka watsa busasshiyar ciyawa. Na sa hannu na yi tono kaɗan, sai ga jan layin bargo, da bindigogin naɗe a ciki.

Kawu ya yi dariya har tumbinsa yana rawa. "Ko wane ne, ya san ku. Ya kawo su inda harsashinku ba ya zuwa."

Zan ciro su ya hana ni. Idonsa yana ƙasa, a gaban ramin.

"Moos, tashi tsaye. Juya ka kalli gari."

Na juya.

"Dubi abin da ka bari."

Ƙasar ta cakuɗe, taku uku ko huɗu a kan juna.

"Haka ɗan Adam yake juyawa. Yanzu dubi nasa."

Sawun ya nuna mutumin ya gama binne kayansa ya tsaya, ƙafafu a haɗe. Sai ya ja ta dama baya, dugadugansa biyu suka murza ƙasa suka bar ramuka zagayayyu kamar gindin kofi, ya dawo da ƙafar daidai kusa da 'yar'uwarta, ya tashi da ta hagu. Babu taku ɗaya na banza.

Na ɗago na dubi Kawu. "Juyin fareti ne. Ɗan cikinmu ne."

"Shi kaɗai, babu mai kallo, babu mai ba da umarni, ga tsoro, amma jikinsa ya yi abin da ya saba." Ya rufe wurin da rassa. "Ka kama bakinka har gobe. Ko yayarka."

* * *

Da safiyar Juma'a Kawu Jafta ya sa mata suka share filin fareti tas, suka yayyafa ruwa. Duk gari ya fito. Aka kawo Pheko da hannu a ɗaure, Lenie tana gefensa. Stoffel ma ya zo, yana kauce wa idon matarsa.

"Kowa ya cire takalmi," in ji Kawu.

"Har ni?" in ji Kyaftin.

"Kai da ƙafar zinariya aka haife ka? Har kai, har Saje."

Aka yi ta gunaguni, amma aka cire. Mata suna ta nuna ƙafafun mazajen wasu suna dariya. Muka yi sahu biyu. Saje Barend ya tsaya a gabanmu kamar kullum, ƙirji a gaba, sai dai fuskarsa kamar bai yi barci ba.

"Juya mini su," in ji Kawu.

Saje ya daka tsawa, "Runduna! Baya, juya!"

Wasu suka bi dama, wasu hagu. Mutum biyu suka yi karo da goshi. Stoffel ya zagaya gaba ɗaya ya dawo inda ya fara. Ni kaina sai da na yi ɗan tsalle kafin in daidaita. Yara suka fashe da ihu.

Kawu ya bi sahun yana duban ƙasa yana girgiza kai. "Sake."

Aka sake. Ta biyun ta fi ta farko muni.

"Barend," in ji Kawu da ƙarfi yadda kowa zai ji, "wata da watanni kana ta haushi a filin nan, wannan ne abin da ka koya musu? Agwagin matata sun fi su tsari. Ko dai kai ma ba ka iya ba ne? An ce ka yi sojan gwamnati, anya ba dafa musu abinci ka yi ba?"

Wuyan Saje ya kumbura. Ya juyo kanmu.

"Jakai! Sau nawa zan nuna muku? Ƙafar dama baya! A kan dugadugai! Ku buɗe idonku!"

Ya ja, ya juya, ya haɗa. Tsaf, kamar ƙyaure a kan ƙarfensa.

Bai motsa daga nan ba. Ina ganin bayansa, na ga kafaɗunsa sun sauka a hankali. Kawu Jafta ya tako, ya zana da'ira da sandarsa a kewayen ƙafafun Saje.

"Matsa gefe, Barend."

Ya matsa. Ramuka biyu kamar gindin kofi, yatsu a matse, babban a kan ɗan'uwansa.

"Kyaftin, akwai 'yan'uwan waɗannan a bayan allon harbi, a bakin ramin da bindigoginku suke kwance. Duk wanda ke so ya zo ya gwada. Kun dai gani da idonku mutum nawa ne a garin nan suka iya wannan juyi."

Kowa ya dubi Saje.

"Ba sai an je ba," in ji Saje. "Ni ne."

Kyaftin ya tako gabansa. "Kai, Barend? Sayarwa za ka yi?"

"In sayar wa wa?" Ya nuna mu da hannu. "Dube su, Lodewyk. Yanzu ka gan su. Wannan ɗan Katryn har yau rufe ido yake in zai harba. Moos yana ɗura harsashi yana kallon tsuntsaye. Manjo ba zai damu ba, kawuna yake ƙirgawa. In ya ga hula da bindiga sun cika, zai ce mun shirya, ya tura su kan duwatsun nan wurin mutanen da aka haifa a kan doki. Na taɓa tafiya da yara irinsu. Ni na haƙa musu kabari." Ya juyo wajen Kyaftin. "Rundunar da ta yi ɓatan makami ba a tura ta ko'ina sai an gama bincike. Abin da na nema ke nan. Na cire takalmi saboda kowa ya san sawun ƙusoshinsa. Bargon kuwa shi na fara cin karo da shi a barga."

Lenie ta fito daga cikin mata ta tsaya a gabansa.

"Kawu Barend, kai ka riƙe ni ranar da aka yi mini baftisma."

"Ni ne, 'yata."

"Ka tsaya jiya kana kallo aka ja mijina kamar akuya. Waɗannan 'ya'yan mutane ne, shi kuma daga rami ya fito?"

"Na yi niyyar faɗa kafin Manjo ya iso."

"Niyya! Shi da niyyarka ya kwana a cikin fatu?"

Ya sunkuyar da kai.

Wani daga baya ya ce a ɗaure shi, a miƙa wa Manjo. Muryar da ta fi ƙarfi a kan Pheko jiya ce. Kyaftin ya dubi sahunmu, ya dubi ƙasar da muka cakuɗa, ya daɗe yana dubanta. Sannan ya juya wurin Pheko.

"Kai aka zalunta. Me ka ce?"

"A fara kwance ni tukuna, Kyaftin. Kuma shi zai kwance."

Saje ya zo ya durƙusa ya kwance igiyar. Pheko ya murza wuyan hannunsa.

"Ban san dokar Manjo ba," in ji shi. "A wajenmu, wanda ya ɓata wa mutum suna yakan kawo tunkiya ƙofar gidansa, ya yanka da hannunsa, duk wanda ya ji ɓatancin ya zo ya ci. Igiya ba za ta wanke ni ba. Kuma in kun miƙa tsohon nan, wa zai koya wa waɗannan su daina karo da goshi?"

Dariya ta ɓarke, irin wadda take fitowa bayan an daɗe da riƙe numfashi.

"Bindigogi ba su bar Dasfontein ba," in ji Kyaftin. "A je a tono su a goge. Gobe ni da bakina zan gaya wa Manjo ba mu shirya ba. In ya musa, mu juya masa sau ɗaya."

* * *

Haka aka yi. Manjo ya sa muka juya, ya sa muka yi harbi, ya kalli allon ya ga ko ƙwarzane babu. Ya faɗi wasu kalmomi da suka sa fasto ya toshe kunne, ya ce mu zauna gida mu ci gaba da horo har bayan girbi, sannan zai dawo. Bai tambayi zancen kwaɗo ba, ba wanda ya gaya masa.

Ranar Lahadi bayan coci Saje Barend ya jawo tunkiyarsa mafi ƙiba ta tsakiyar gari har ƙofar gidan Pheko. Ya yanka, ya feɗe, ya tsaya daga gefe da hula a hannu. Kawu Jafta ya riga kowa zama, yana ba yara labarin yadda ya gane komai tun kafin ya sauka daga kan jaki.

Pheko ya ciro hanta daga wuta, ya raba biyu, ya miƙa wa Saje rabi.

"Zauna, Ntate. Ba a cin nama a tsaye a ƙofata."

Saje ya zauna.

Sai mutane suka fara zuwa da kwanukansu, ɗaya bayan ɗaya, har waɗanda suka fi ɗaga murya ranar Alhamis. Lenie ce a bakin tukunya. Duk wanda ya miƙo kwano sai ta riƙe ludayi ta dube shi.

"Gidan wa ka zo?"

"Haba Lenie..."

"Gidan wa?"

"Gidan Pheko."

"Pheko ɓarawo?"

"Pheko namu."

Sannan ta zuba.